Yaushin ayaba a wata gona kusa da Epe, da abin da gadon fumfunar ya fallasa

Wasu Hausawa masu sayar da kayan marmari a kasuwar Ketu, nan Legas, sun haɗa jari sun kama hayar fili a yankin Epe don su noma ayaba da agade da hannunsu. Lissafin nasu ba mai wuya ba ne. Yawancin kayan da suke sayarwa daga Edo da Ondo da Osun ake ɗoro su, kuɗin mota kullum gaba yake yi, ita kuwa ayaba ba ta jiran kowa: mota ta lalace a Ore ta kwana biyu, rabin kaya ya nuna ya tafi. In gonar tana Epe, a sare da sassafe, kafin la'asar kaya sun sauka a kasuwa.

Iri uku suka dasa. Agade ne ya ci mafi yawan filin. Sai doguwar ayaba ta Cavendish, irin da ake jerawa a manyan kantunan Ikeja da Lekki, wadda suka sayi dashenta na kwalba, wato ƙananan tsiran da aka rena a ɗakin gwaji, daga wani wurin renon tsirai. Ta ukun ita ce gajeriyar nan mai zaƙi da ɗan tsami-tsami, wadda masu talla ke haɗawa da gyaɗa, masana kuma ke sa ta a rukunin da suke kira Silk. 'Ya'yan wannan ta ukun daga gonar wani manomi a ƙauyen da ke maƙwabtaka aka tono su, da ƙasar da ke manne a saiwarsu, aka loda a a-kori-kura aka kawo. Shekarar farko komai lafiya lau. A damina ta biyu ne layukan gajeriyar suka fara canza kama.

Tsofaffin ganyen ƙasa ne suka soma yin rawaya daga baki-baki, launin yana ci zuwa tsakiya. Bayan 'yan makonni sai ganye ya karye daga wuya ya rataya a jikin kututture, wani bisa wani, ya rage 'yan ganyen tsakiya ne kawai a tsaye. Wasu gindinsu ya tsage. Waɗanda suka riga suka fitar da nono ba su iya cika shi ba. Yaran gona suka ce taki ne ya yi kaɗan, aka zuba, ba ta sauya zani ba. Wani ya ce ruwa ne ya kwanta. Wani matashi a cikin masu jarin kuma ya zo da waya yana nuna labarin cewa wata cuta ta ɓulla wadda za ta ƙarar da ayaba a duniya, sunanta TR4. Wannan ne ya tayar da hankalin kowa, shi ne kuma ya sa aka neme ni, da yake cututtukan tsirai na karanta.

Abin da adda ta nuna

Shugaban ƙungiyar, wani dattijo Bakatsine da kowa ke ce wa Alhaji, shi ya tare ni a bakin gona.

"Malam, ka ga abin da ya same mu. Wai da gaske ne har doguwar ma za ta bi?"

"Alhaji, a ba ni adda tukuna. Amma kada kowa ya biyo ni cikin layin."

Na sare ɗaya daga cikin masu yaushin a kwance, kamar kamu biyu daga ƙasa. Kututturen lafiyayyar ayaba fari ne tas a ciki. Wannan kuwa yana da ɗigo-ɗigo ja mai duhu, wasu ruwan ƙasa, a jere a zagaye, sun fi yawa ta ɓangaren waje. Da na tsaga shi a tsaye sai ɗigon suka zama dogayen zare masu launi, tun daga gindi har sama. Kan gindin da ke cikin ƙasa ma ya dafe. Na jira in ga ko wani ruwa mai kauri, rawaya, zai tsattsafo daga wurin saran. Bai fito ba. Na yanka ɗanyar ayaba daga nonon wata, cikinta fari sol. Waɗannan biyun sun kawar da zaton cutar bakteriyar nan da ta addabi Yuganda tun 2001, don ita tana fitar da wannan ruwa tana kuma ɓata cikin ayabar. Abin da ke gabanmu ya fi kama da yaushin Fusarium, wanda aka fi sani da cutar Panama.

Amma babbar shaidar ba a cikin kututturen take ba. Layin Cavendish yana daura da layin gajeriyar, taku kaɗan ne tsakani, ruwa ɗaya suke sha, fartanya ɗaya ake yi musu noma da ita, kuma ko ganye ɗaya bai yi rawaya ba. Agaden ma haka. Cutar ta zaɓi iri ɗaya ta bar biyu. Wanda ya san tarihin wannan fumfuna, ganin haka kaɗai ya ba shi rabin amsa.

Fusarium oxysporum fumfuna ce da ke zaune a cikin ƙasa kusan ko'ina a duniya, kuma mafi yawan danginta ba sa cutar da komai. Masu kashe ayaba ana ƙara musu sunan cubense, saboda daga ayabar Kyuba ne masanin Amurka Erwin Smith ya ware ta a 1910, ko da yake tun 1876 wani likita, Joseph Bancroft, ya bayyana cutar a Ostareliya. Ta ƙananan saiwoyi take shiga, ta ratsa zuwa jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa sama, ta riƙa zuba ƙananan ƙwayayen irinta ruwan yana haurawa da su. Tsiron ba ya naɗe hannu. Yana toshe jijiyar da wani abu mai danƙo don ya tare hanya. Iri mai juriya yana yin haka da wuri, tun abin yana saiwa, ya rufe shi a can. Iri marar juriya kullum a makare yake: kafin ya toshe nan fumfunar ta wuce gaba, ya sake toshewa, ta sake wucewa, har ya wayi gari ya toshe hanyoyin ruwansa duka. Ƙishirwa ce ke kashe shi, alhali yana tsaye cikin laima. Idan ya mutu ya ruɓe, fumfunar tana barin wasu ƙwayayen iri masu kaurin bawo waɗanda ke iya zama a ƙasa shekaru gommai. Babu maganin feshi da ke warkar da tsiron da ya kamu, babu kuma wanda ke tsarkake gona gaba ɗaya. Duk mai shagon da ya ce yana da shi, kuɗinka yake so.

Suna ɗaya, dangi daban-daban

Har zuwa shekarun 1950, ayabar da ake ci a Amurka da Turai wata iri ce mai suna Gros Michel. Wannan cuta ta bi gonakinta a Panama da Kosta Rika da Honduras, kamfanoni suna barin filin da ya kamu suna sare sabon daji, tana bin su, har dabara ta ƙare. A shekarun 1960 aka koma Cavendish, don an ga tana tsayawa lafiya a filin da ya kashe Gros Michel. Mu ma abin ya zo kusa da mu: gonakin Gros Michel na yankin Tiko a Kudancin Kamaru, wanda a lokacin tare da Najeriya ake mulkinsa, sun sha wannan cuta kafin su ma su sauya iri.

Daga nan ne aka raba fumfunar gida-gida bisa irin ayabar da take kashewa. Nau'i na 1 yana kashe Gros Michel da Silk. Nau'i na 2 yana kama wata ayabar dafuwa da ake kira Bluggoe. Nau'i na 4 shi ne mai iya kayar da Cavendish, shi ma kashi biyu ne: akwai wanda sai sanyi ya raunana tsiron yake samun sa'a, kamar a Afirka ta Kudu da tsibiran Kanari, akwai kuma wanda ba ya buƙatar taimakon komai, na ƙasashe masu zafi, wato TR4.

Wannan rabo na manomi ne, yana da amfani a gona, amma ba ya faɗin wane ne ɗan'uwan wane. Da masana suka fara duba dangantaka, sai suka yi amfani da wata dabara mai sauƙi: a ajiye fumfuna biyu a faranti ɗaya a bar zarensu ya haɗu. In sun manne sun zama jiki ɗaya, 'yan gida ɗaya ne. In sun ƙi juna, kowa da gidansa. Ta haka aka gano gidaje sama da 20 a cikin masu kashe ayaba kaɗai. A 1998 Kerry O'Donnell da Randy Ploetz da abokan aikinsu suka karanta jerin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, na waɗannan gidaje suka fitar da sakamakon da ya ba mutane mamaki: ba daga kaka ɗaya suka fito ba. Wata mai kashe ayaba ta fi kusa da mai kashe tumatir a kan wata 'yar'uwarta mai kashe ayaba. Sana'a ce ta haɗa su, ba jini ba.

To yaya zuriya daban-daban suka koyi sana'a ɗaya, alhali ba a taɓa ganin wannan fumfuna tana barbara ba, kwafin kanta kawai take yi? Amsar da ta fi gamsarwa ta fito a 2010, a binciken da Li-Jun Ma ta jagoranta tare da Martijn Rep na jami'ar Amsterdam. Sun karanta gadon wadda ke kashe tumatir kaf, suka tarar tana da kuromosom 15, wato damman da ƙwayoyin gado ke ɗaure a ciki. Guda 11 na asali ne, suna ɗauke da abin da fumfuna ke buƙata don ci da girma, kuma kusan iri ɗaya ne a duk dangin. Sauran 4 ƙari ne, cike da guntayen DNA masu tsalle daga wuri zuwa wuri, kuma a cikinsu ne makaman kai hari suke. Mutanen Ketu da Mile 12 sun fi kowa gane wannan: kan tirela ɗaya ne, bodin da aka jona masa ne ke nuna ko shanu ya ɗauko ko albasa, kuma ana iya kwance bodin a jona wa wani kan. Haka suka nuna a ɗakin gwaji. Suka haɗa mai kashe tumatir da wata salihar fumfuna da ba ta taɓa cutar da komai ba, kuromosom na 14 ya ƙaura daga waccan zuwa wannan, salihar ta koma mai kashe tumatir.

Makaman su ne wasu ƙananan sinadaran furotin da fumfunar ke zubawa a cikin jijiyar ruwan tsiro don su dakushe garkuwarsa. Ana kiran ƙwayoyin gadon da ke haifar da su SIX, an san guda 14, kuma kowane gida yana da haɗin da yake ɗauka. Tsiron da ke da ƙwayar gadon da ke gane ɗaya daga cikin makaman yana farga da wuri ya rufe ƙofa. Wanda ba shi da ita sai dai ya ji a jikinsa. Abin da ya faru a Epe ke nan: fumfunar ta taɓa saiwar Cavendish kamar yadda ta taɓa ta gajeriyar, ɗaya ta tare ta, ɗaya ta kasa.

Ba ayaba kaɗai wannan dangi ya sa a gaba ba. 'Yar'uwarta mai kama dabino, cutar da Larabawan Magrib ke kira bayud, ta kashe miliyoyin itatuwan dabino a Maroko da Aljeriya. Wata kuma tana kama kwakwar manja a nan Afirka ta Yamma, shi ya sa masu fitar da irin kwakwa ke gwada juriyarsa kafin su raba. Duk salon kisan ɗaya ne.

TR4

A Taiwan aka fara ganin TR4 tana kayar da Cavendish a ƙarshen shekarun 1960. A shekarun 1990 sababbin gonakin Cavendish a Indunusiya da Maleshiya suka rushe cikin 'yan shekaru, cutar ta bayyana a arewacin Ostareliya a 1997, ta mamaye kudancin Chana da Filifin. Sai ta yi tsalle: Jodan da Mozambik a 2013, Pakistan da Labanan bayansu, Kolambiya a 2019 har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci, Peru a 2021, Benezuwela a 2023.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: shin a kowace ƙasa fumfunar gida ce ke rikiɗa ta koyi kashe Cavendish, ko kuwa baƙuwa ɗaya ce ke yawo? A 2015 ƙungiyar Gert Kema ta jami'ar Wageningen a Holan ta kwatanta DNA na samfurori daga ƙasashe masu nisa da juna, ta tarar bambancin da ke tsakaninsu ɗan ƙanƙani ne ƙwarai. Kwafi ɗaya ne, gida ɗaya, wanda ake yi wa lamba 01213/16. A 2019 wasu masana daga wannan ƙungiya suka ce ta cancanci sunan kanta, Fusarium odoratissimum, wasu kuma ba su yarda ba, har yau ana amfani da sunayen biyu. A 2024 ɗakin binciken Li-Jun Ma a jami'ar Massachusetts ya ƙara tabbatar da cewa TR4 ba jikar wadda ta kashe Gros Michel ba ce. Sun kuma gano tana da wasu ƙarin ƙwayoyin gado da ke sa ta fitar da iskar naitirik oksaid da yawa lokacin da take shiga saiwa, kuma da suka cire biyu daga cikin masu sarrafa wannan iska, ƙarfin cutarwarta ya ragu sosai.

A ganina wannan shi ne darasin da ya fi kowane amfani ga mai gona a Legas. Fumfunar da ke cikin ƙasar Epe ba za ta kwana ta tashi ta zama TR4 ba. Duk sabuwar ƙasar da TR4 ta ɓulla a cikinta aka duba gadonta, daga wani wuri aka kawo ta. Ita kuwa ba ta da fiffike. Tafiyarta a cikin ɗan gindin ayaba na dashe ce, ko a laka a tafin takalmi, a tayar mota, a bakin garma, ko a ruwan da ya gangaro daga gonar da ta kamu.

Ita ma ayabar tana da nata laifin. Cavendish tana da kuromosom 33, wato jeri uku na 11, shi ya sa ba ta yin ƙwallo, ba ta haihuwa sai ta 'ya'yan gindi ko dashen kwalba. Wadda ke Ekwado da wadda ke Filifin da wadda ke Epe kusan jiki ɗaya ne aka yayyanka aka rarraba. Kwafi ɗaya na fumfuna ya samu lagon kwafi ɗaya na ayaba, sai ya zama ya samu lagon kusan duk ayabar da ake fitarwa kasuwar duniya.

Sakamakon gwaji, da tayin Guangzhou

Alamar gona ba ta isa a yanke hukunci ba. Na zare jajayen zaren nan daga kututture, na shanya su a takarda mai shan ruwa, na sa a ambulan. Ba a sa su a leda, don a leda gumi suke yi bakteriya ta cinye samfurin kafin ya isa. Aka kai wani ɗakin gwaji. A can suka shuka zaren a faranti, Fusarium ta tsiro, suka ciro DNA ɗinta suka yi gwajin PCR, wanda ke neman wani guntun gado da aka san TR4 da shi. Miguel Dita da abokansa ne suka fitar da irin wannan gwaji na farko a 2010. Guntun bai bayyana ba. Gwaji da gona suka yi magana ɗaya: tsohon nau'in ne, mai kashe Silk ya bar Cavendish. Wannan ya dace da abin da aka sani, cewa ba a ba da rahoton TR4 a Afirka ta Yamma ba.

Aka yi hamdala. Sai dai a zaman da aka yi a rumfar Alhaji don a tattauna abin yi, wata magana ta taso wadda ta fi cutar da ke gonar haɗari. Ɗaya daga cikin masu jarin, wanda ke zuwa Guangzhou saro kaya, ya ce ya ji a can suna da Cavendish da cuta ba ta kamawa, kuma yana da wanda zai tono masa 'ya'yanta a cusa a kwantena tare da sauran kaya.

"Tunda dai abin na zuwa, Malam, ba gara mu riga shi ba?"

Niyyarsa mai kyau ce, kuma rabin maganarsa gaskiya ce. Akwai irin da ke da ɗan juriya. Cibiyar binciken ayaba ta Taiwan ta zaɓo wasu daga cikin dashen kwalba, mafi shahara shi ne GCTCV-218 da ake kira Formosana, kuma ana noma irinsu a Chana. Amma juriya ce, ba kariya ba. Tsiron yana iya ɗauke da fumfunar a gindinsa yana kore shar. Dalilin da ya sa ake noma irin a lardin Guangdong, inda Guangzhou take, shi ne ƙasar wurin ta kamu tun shekarun 1990. Wato ɗan ayabar da za a tono daga can, da lakarsa, shi ne hanya mafi gajarta da TR4 za ta bi ta sauka a Apapa.

Na ba su misali biyu. Na farko Mozambik. Wata katafariyar gonar Cavendish ce a lardin Nampula, an kafa ta don fitar da kaya waje, da jari mai yawa da ƙwararru. Bayan ɓullar cutar a 2013 aka killace, aka kafa wuraren wanke takalmi da taya, duk da haka ta cinye gonar har kamfanin farko ya durƙushe, daga baya kuma aka same ta a wajen shingen, a gonakin ƙananan manoma. Na biyu yana bayan gidanmu. Cutar bairos da ke tsuke ganyen ayaba ta tara su a ka ta hana ta haihuwa, an fara ganinta a Najeriya wajen 2012 a ƙauyukan jihar Ogun da ke bakin iyakar Jamhuriyar Benin, jim kaɗan bayan an gan ta a can, kuma 'ya'yan ayaba da ake ba juna hannu da hannu suna cikin manyan hanyoyin yaɗuwarta. Ma'aikatan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da hukumar killace amfanin gona ta ƙasa, NAQS, sun sha fama kafin su rage ta.

Alhaji ya yi shiru, sannan ya juya ga mai tayin. "Ɗana, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. In ta shigo ta hannunmu, ba gonarmu kaɗai za ta ci ba. A bar maganar nan." Aka bar ta. Ban da haka ma, shigo da tsiro ba tare da izinin NAQS ba laifi ne.

Wani ya tambaya game da agade, tunda shi ne abincin miliyoyin mutane a kudu. Gwaje-gwajen da aka yi a gonakin da suka kamu a Asiya sun nuna yawancin agaden Afirka yana tsayawa da TR4 fiye da Cavendish nesa ba kusa ba. Labari ne mai daɗi, amma ba lasisin sakaci ba ne, don gajeriyar da doguwar duka suna cikin abin da take ci. Wani kuma ya tambaya ko ayabar gonar da ta kamu tana cutar da mai ci. Ba ta yi. Fumfunar ba ta shiga ayabar da ake ci, shi ya sa nonon ayaba da ke sauka a Ketu ba shi ne abin tsoro ba, gindi da ƙasa ne.

Abin da aka yi da filin

Yaran gona sun so su tone masu cutar su jefar a rafi. Wannan ne mafi munin abin da za a yi, don tono yana watsa ƙasa, rafi kuma ya kai wa na ƙasa da kai. A inda suke aka sassare su aka ƙone, aka zagaye wurin da igiya, aka haƙa lambatu don kada ruwan ɓangaren ya bi ta sauran gonar. Aka ware adda da fartanya na wannan gefen kaɗai. A bakin shiga aka ajiye buroshi da baho mai maganin kashe ƙwayoyin cuta, da sharaɗin a kankare laka tukuna, don maganin ba ya ratsa laka. Mai tarakta da ake haya ya ce shi ba ya wanke garma tsakanin gona da gona, sai aka daina shigar da shi wannan gefen.

Gardama ta fi zafi a kan 'ya'yan gajeriyar da suka rage kore. Wasu sun so a sayar a rage asara. Na ce kowane ɗaya daga cikinsu abin zargi ne, ko da ganyensa na sheƙi. Limamin rumfar ya ce sayar da kaya a ɓoye aibinsa algus ne, maganar ta mutu a nan. Gajeriyar dai ta gama zama a wannan fili, mai yiwuwa har tsawon rayuwar masu hayar. Agade aka mayar a gurbinta, ana kuma neman ƙarin dashen kwalba na cikin gida. An gaya wa yaran gona cewa ranar da suka ga Cavendish ta yi irin wannan rawayar, kada su sare, kada su tone, su ɗaura mata tsumma su kira, don wannan magana ce ta hukuma.

Matashin mai waya ya sake kawo labarin ayabar da aka gyara wa gado a Ostareliya. Gaskiya ne. James Dale na jami'ar fasaha ta Queensland ya ɗauko ƙwayar gado mai suna RGA2 daga wata ayabar daji ya sa wa Cavendish, ta tsaya a filin da TR4 ta kama, kuma a 2024 hukumomin ƙasar suka amince da ita da sunan QCAV-4. Abin sha'awa shi ne Cavendish ma tana da irin wannan ƙwayar gado a jikinta, sai dai kusan a kashe take, shi ya sa yanzu ake ƙoƙarin kunna tata ba tare da an ɗauko ta waje ba. Amma wannan iri ba ya kasuwarmu, kuma duk wanda ya zo Ketu yana tallar 'ya'yansa ƙarya yake yi.

Saura manomin da aka sayi 'ya'yan gajeriyar a wurinsa. Da aka je gonarsa an ga irin wannan yaushi a wani lungu, shi kuma yana ɗauka tsufa ne kawai ke kama ayabar, yana ci gaba da sayar da 'ya'yanta ranar kasuwa. Ba wanda ya yi masa maganar biyan diyya, don bai sani ba. Alhaji ya nemi Sarkin Hausawan yankin ya raka shi wurin Baale, wato mai garin ƙauyen, aka kira manomin, aka nuna masa kututturen da aka tsaga. Ya yarda zai daina tono daga wannan lungu, bisa sharaɗin ƙungiyar ta ba shi 'ya'yan agade ya maye gurbin abin da zai rasa. An amince za a ba shi daga sabon dashen kwalba idan ya iso, ba daga gonar Epe ba.